Ramin Yatsa a Ƙafar Inna

Shekaranjiya da hantsi aka sauke mini saƙo a ƙofar gidana da ke Kambarawa: kai guda na itace, gero a buhu, da ƙunshi cikin baƙar leda. Daga uwar mijin ɗiyata ne, don yarinyar ta haihu, haihuwar fari, ta zo wankan gida wajena. Da na kwance ledar sai ga jar kanwa, manyan dunƙule, irin wadda sai an shiga can cikin Babbar Kasuwa an tsaya an zaɓa. Ban san abin da ya sa na ɓalli kaɗan na ɗora a harshe ba. Ɗanɗanon nan mai gishiri-gishiri da bauri yana taɓa ni, sai na zauna a dokin ƙofa. Rabona da shi tun ina yarinya, amma bakina bai manta ba.

A cikin gari na tashi, kusa da Gobarau. Idan ka tsaya tsakar gidanmu ka ɗaga kai, kana hango ƙololuwar hasumiyar ta saman katanga. Ban kai shekara goma ba lokacin da Inna ta haifi ƙanena, a tsakiyar bazara, irin zafin da ko kaji sai su buɗe baki su lafe a gindin randa. Inna siririya ce, doguwar wuya gare ta, ga saurin dariya. Iyayenta sun riga sun rasu, don haka jegonta ya faɗa hannun Kaka, mahaifiyar Baba.

Ina so ka fahimci Kaka tun yanzu, kada ka ɗauke ta muguwa. Da muguwa ce da abin ya fi mini sauƙi. Duk unguwar, mace ta haihu, ita ake aikowa a kira. Hannunta ya ƙone ya warke har ya daina jin zafi, tana iya tsoma shi cikin tafasasshen ruwa ta tsamo ganye tana hira. Kuma tana son Inna so na gaskiya, ba ta taɓa kiranta da komai ba sai "ɗiyata". A sanin Kaka, da na duk matan da na buɗe ido na gani, jikin mai jego ɗanye ne, kuma babban abokin gabansa sanyi. In sanyi ya sami ƙofa ya shiga, mace ta lalace ke nan. Maganinsa wuta: a gasa ta daga waje, a gasa ta daga ciki.

Haka aka yi. Da sassafe da kuma la'asar, ana tafasa ruwa a rabin duro da ganyen bedi, wato darbejiya, Kaka ta kama damin ganyen ta tsoma ta fyaɗa wa Inna a jiki. Har yau ina jin ƙarar, fyaɗ, fyaɗ, da ɗacin ganyen da ke cika gidan, da yadda Inna ke jan numfashi ta haƙora don kada ta yi kuka a ji. In ta fito sai a tare ta da ƙwarya cike da kunun kanwa, mai kauri, kanwar ta ji har ya yi duhu. Ta shanye, sannan ta hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, a rufe ƙofa da taga. A bazara fa nake gaya maka. Ni da na leƙa ɗakin na ɗan lokaci, zufa ke koro ni.

Ba a daɗe ba Inna ta fara cika. Fuska ta yi faɗi, kumatu suka taso, wuyan nan dogo ya nutse. Zobenta ya ƙi fita sai da aka sa sabulu. Takalminta ya daina shiga. Matan da ke zuwa barka kuwa sai guɗa da tafa hannu.

"Kai, jego ya karɓe ki! Dubi yadda kika murmure!"

Su juya ga Kaka su ce, "Iya, hannunki da albarka." Kaka ta yi murmushi ta gyara ɗaurin kallabi. Baba ma ya ji daɗi. Namiji ne da ake cewa ya iya riƙon mai jego, ga shaida kowa yana gani. Sai ya ƙara sayen itace, har tarin ya kusa kai rabin katanga.

Ni kuma a lokacin na gano wani wasa. Wata rana ina zaune gefen Inna tana ba jariri nono, na dafa ƙaurinta zan tashi, sai na ga inda babban yatsana ya taɓa ya lotsa, kuma bai taso ba. Rami sosai, ya tsaya yana kallona. Na gwada a ƙafata, naman ya dawo nan take. Na koma tata, ya sake lotsawa. Daga ranar na samu abin yi. Sai in jera ramuka tun daga idon sawu har gwiwa, in sa ƙwarar wake a kowane ɗaya, in ga wanda zai fara turo nasa.

Inna ta yi dariya ta ce, "Ke dai kin maishe ni malmalar tuwo."

Na kira Kaka ta zo ta ga abin mamaki. Ta danna da kanta, ta duba, ta ce kitse ne sabo, bai gama zama ba. Ta kore ni da cewa in bar ɗiyar mutane ta huta.

Sannu a hankali dariyar Inna ta gajarce. In ta fara magana sai ta tsaya a tsakiya ta nemi numfashi. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta dafa bango ta huta. Ta koma yin salla a zaune. Kwanciya ta gagare ta, in ta miƙe sai tari ya taso ta, don haka ko barcin rana a jingine take yi da matashi biyu a baya, baki a buɗe. Wata la'asar, ruwa yana tafasa, na ji ta da kunnena tana roƙo, ita da ba ta taɓa musa wa Kaka ba.

"Iya, don Allah a ɗaga mani yau. Ƙirjina kamar an aza mani turmi."

Kaka ta tsaya da ganye a hannu, ta dube ta, na ga tsoro a idonta. Ta ce, "Abin da nike gudu ke nan, ɗiyata. Sanyi ya samu hanya. Daure, yanzu ne ma ba a ɗagawa."

Ka ga inda abin ya ɗaure. Da tana cika, an ce wuta ta yi aiki, a ci gaba. Da ta fara haki, an ce wuta ta yi kaɗan, a ƙara. Babu ta inda Inna za ta fita. Aka ƙara garwashi, aka ƙara kanwa a kunu, wankan ma aka ƙara masa tsawo.

Wata maƙwabciyarmu da ke koyarwa a firamare ta shigo ta gan ta, ta ja Baba gefe a zaure ta ce a kai ta asibiti. Kaka ta ji, ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, iskar hanya kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. Baba ya yi shiru. Wannan shirun ne na kasa yafewa shekara da shekaru, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Mutum ne da in kekensa ya yi ɗan ƙara, ranar zai tura shi wajen mai gyara. Amma matarsa tana haki a gabansa, ya ce sha'anin mata ne, tsofaffi sun fi shi sani.

Saura 'yan kwanaki a yi arba'in, har an karɓo ɗinkin da za ta sa ta je yawon gaishe-gaishe, an mayar wa tela ya buɗa rigar don ta matse ta. Da safe bayan wanka, Inna ta fito tana dafe da bango, ta zame ta zauna a ƙasa. Kumfa na fita bakinta, mai ɗan ja-ja. Sai a lokacin aka manta da iskar hanya, aka nemo motar wani Alhaji a bayan layinmu. Ina tsaye a zaure aka fita da ita. Kafin azahar motar ta dawo, mata suka fara salati tun daga waje.

A zaman makoki abin da na yi ta ji ke nan: "An dai yi mata komai. Ba a rage ta da komai ba." Ana yi wa Kaka gaisuwa ana yaba mata, ita kuma tana kuka tana cewa sanyin ya riga ta shiga. Itacen da ya saura, da shi aka dafa abincin sadaka. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ɗauki jaririn ta raine shi. Kaka kuwa ta ci gaba da wankan masu jego a unguwa har ƙarfinta ya ƙare, ta rasu ana kiranta mai hannun albarka.

Ban san me ya kashe Inna ba sai da na yi aure na samu cikin fari. Na je awo, likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ɗaga zanena ta danna ƙaurina da babban yatsa, ta ɗauke, ta tsaya tana kallon wurin. Na ce mata me take dubawa. Ta ce tana duba ko ramin zai tsaya ne, don kitse ba ya riƙe rami, ruwa ne ke riƙewa. Na ce to in ya tsaya fa, ga haki, ga mutum ba ya iya kwanciya sai a jingine? Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni da kyau, ta ce wa na gani haka.

Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Zuciya, in ji ta, ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba, kuma ita kaɗai ce ba ta hutu tun daga ciki har kabari. Mace mai ciki jininta ƙaruwa yake yi, zuciyar ta yi wata da watanni tana aikin mutum biyu. Bayan haihuwa jiki yana neman zubar da ruwan da ya tara. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, inda ta shiga da yawa sai ta riƙe ruwa ta hana shi fita. Zafi mai tsanani kuma yana sa zuciya ta ƙara gudu. In zuciyar ta gaji ta kasa turawa, ruwan sai ya taru a ƙafa, ya hau ciki, daga ƙarshe ya shiga huhu, shi ya sa mai ciwon ba ya iya kwanciya. Ta ce ba kowace mace ce abin ke kayarwa ba, da yawa suna yi su tashi lafiya, wasu kuma zuciyarsu kan raunana bayan haihuwa ko ba su taɓa wankan ba. Amma wadda tata ta raunana, in aka haɗa mata da kanwa da wuta, an ɗora wa gajiyayye kaya. Kuma akwai maganin da ke fitar da ruwan in an zo da wuri.

Wannan "da wuri" ita ta tsaya mini a rai. Ashe alamar tana nan ƙiri-ƙiri a ƙafar Inna, gidan duka an gani, an yi guɗa a kanta.

Na je na gaya wa Baba, lokacin ya tsufa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce kwananta ne ya ƙare. Na yarda, ni ma musulma ce. Amma wanda ya ƙaddara kwanan shi ya ba mu ido, ya kuma sa maƙwabciya ta shigo har zaure ta faɗa. Ban ce masa haka ba. Na tashi na yi masa sai an jima.

Yanzu na girmi Inna nesa ba kusa ba. Ba ta bar hoto ba. Ƙanena bai san fuskarta ba, ni kuma da na sani, in na rufe ido kumburarriyar ce ke zuwa, siririyar ta ɓace mini. Gari ya canza, an yi kwalta, kowa da waya a hannu, matan yanzu suna zuwa awo. Amma jar kanwa tana nan a kasuwa, kuma har yau akwai gidajen da ake auna kyan jego da faɗin fuska.

Itacen da aka aiko na sa an kai kicin, geron za mu sha kunun tsamiya. Kanwar na ɗaure na jefa saman kabad, ta isa dafa wake har in mutu. Ɗiyata tana wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannuna ke iya zama a ciki, tana kwana taga a buɗe. Ta so ta yi mini gardama, ta ce, "Mama, a ɗan dama kunun kanwar ko kaɗan, kada dangin mijina su ce an raina su." Na ce su ce. Kullum da safe in na kai mata koko sai in zauna a bakin gado in ɗora ƙafarta a cinyata, ita tana zaton tausa nake mata. In danna, in ɗauke yatsa, ba na numfashi sai na ga naman ya taso.

Yau da la'asar uwar mijin nata ta zo da kanta. Muka gaisa, ta tambayi gida da gajiya da mai jego, ta karɓi jariri ta yi masa wasa. Sannan ta leƙa tsakar gida ba ta ga duro a wuta ba, ta juyo ta ƙare wa ɗiyata kallo tun daga wuya har sawu, ta taɓe baki.

"Hajiya, mi ke nan? Yarinya duk ƙashin wuya a waje. Ai jegon nan bai karɓe ta ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi."