Gasar da Ruwan Shuka Ya Riska

A shekarar da na dawo gida bayan kammala jami'a da bautar ƙasa, ban samu aiki ba, amma na samu muƙami. An naɗa ni sakataren gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun sakandare na yankin Kankia da Kusada, bisa hujjoji biyu: rubutuna yana karantuwa, kuma ba ni da inda zan je da safe. Wanda ya gabatar da sunana shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, malamin motsa jiki a wata makaranta da ke wajen garin Ƙofa. Tun kafin a haife ni yake horar da yara, bai taɓa kai su wasan ƙarshe ba, kuma a ƙarshen zangon karatun wannan shekara zai yi ritaya. Bai ɓoye mini burinsa ba. Ya ce ba kofi yake nema ba, so yake sau ɗaya ya tsaya a bakin fili ranar wasan ƙarshe a matsayin mai ƙungiya, ba mai riƙe wa wani buta ba.

Na tarar da makarantu goma sha biyu a rukuni biyu, na Kankia da na Kusada, kowanne shida. Kafin in gama zana layukan littafin rajista, makarantu biyu mafi ƙarfi na Kusada suka sauya sheƙa zuwa rukunin Kankia, saboda can sandunan raga na ƙarfe ne, kuma filin yana bakin kwalta inda masu wucewa kan tsaya kallo. Wata makaranta ta wajen Kunduru ta ji haushin cunkoson, ta koma rukunin Kusada, duk da cewa sai ta ratsa Kankia kafin ta isa can. Na ba da shawarar a sauya wa rukunonin suna, tunda sun daina dacewa da taswira. Shugaban gasar, wani tsohon shugaban makaranta mai son tsari, ya ce an riga an ɗinka tutoci.

Makarantun da aka bari a baya a rukunin Kusada, har da ta Kawu da baƙuwar nan ta wajen Kunduru, suka ƙulla ƙawance. Na halarci zaman da alƙalami da takarda, na tambayi sharuɗɗan da zan rubuta.

"Babu abin rubutawa, Sakatare," in ji wani malami. "Mun dubi idon juna."

"To, me ƙawancen ya ƙunsa?"

"Ya ƙunshi cewa muna tare."

"A kan me?"

"A kan duk abin da ya taso. Kai, a shafa fatiha kafin yaron nan ya raba mu."

Aka shafa. Na rubuta ranar da wurin, na bar sauran shafin fari.

Abin da ya fara tasowa shi ne zagayen sili ɗaya ƙwale. A al'ada makarantu huɗu ne ke shiga, a yi wasa uku a gama. Makarantar Kawu ta zo ta biyar. Ya miƙe a taro ya yi bayani mai tsawo a kan adalci, ya nemi a mayar da guraben shida. Malamin makarantar da ta zo ta bakwai ya goyi bayansa da zuciya ɗaya, ya ƙara da cewa adalcin zai fi cika idan aka ce takwas. Haka adalci ya yi ta faɗaɗa har ya kai ga makarantar da ba ta ci ko wasa ɗaya ba. Da aka tsaya a goma sha biyu, Shugaba ya ɗauki alli ya gwada a allo, ya ga goma sha biyu ba ta rabuwa biyu-biyu har ƙarshe ba tare da saura ba. Ya yanke cewa gurabe goma sha shida za a yi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "makarantunmu goma sha biyu ne."

"Wannan matsalar makarantu ce, ba ta lissafi ba," ya amsa.

Akwai wata matsala da ta fi wannan, ita ce fili. Tunda babu rukunin da ya yarda a buga wasannin yanke hukunci a gidan ɗan'uwansa, an daɗe ana aron gonar wani dattijo a Kaikai, shimfiɗaɗɗiya ce, babu kututture. Yakan ba da ita bayan an kwashe amfani, da sharaɗi ɗaya wanda kowa ya sani: ranar da ruwan shuka ya sauka, fili ya koma gona. Na yi lissafi a gaban jama'a. Wasa goma sha biyar, fili ɗaya, Alhamis da Asabar kaɗai bayan la'asar, ga shi bazara ta riga ta yi nisa. Na ce ina jin tsoron damina za ta riga mu wasan ƙarshe. Kawu ya jawo gefen rigata.

"Zauna, ɗan nan. An sa ka rubutu, ba a sa ka duba ba."

Dole in ambaci laifina a nan, domin ba na son wani ya riga ni. A cikin dokokin da na tsara akwai wadda na fi alfahari da ita, ta tara. Na ji labarin cewa a baya an taɓa ba wata makaranta nasara ta wayar tarho, don haka na rubuta: ba za a rubuta wa kowace makaranta nasara ba sai an ga 'yan wasanta sun buga wasan daga farkonsa har ƙarshensa. Na yi kwana biyu ina gyara wannan jimla. Da aka jefa ƙuri'a, makarantu huɗu suka faɗa da gurbin da babu kowa a cikinsa, har da ta Kawu, kuma bisa dokar da na rubuta da hannuna, sai sun je sun buga.

Ranar wasan na isa Kaikai da wuri. An zuba toka an fitar da layuka, an kafa sandunan itace. Alƙalin wasan mutum ne mai tsoron Allah da tsoron littafin doka, ya jefa kwabo sama, kyaftin ɗin Kawu ya ci, ya zaɓi gefen da rana ba za ta dame su ba. Wannan ya sa take wasa ya zama haƙƙin abokan hamayya. Aka ajiye ƙwallo a tsakiya, aka busa usur. Babu wanda ya zo ya taɓa ta. Yaran suka tsaya a wurarensu minti arba'in da biyar, mai tsaron gida yana ta dira yana motsa jiki kamar yadda aka koya masa. Wata akuya ta ratsa ta tsakiya, 'yan kallo suka yi mata tafi.

Bayan hutun rabin lokaci, take wasa ya dawo hannunmu. Kawu ya gina koyarwarsa duka a kan ba-ni-in-ba-ka, yana ganin yanka da gudu da ƙwallo rashin tarbiyya ne. Yaran suka yi yadda suka saba, aka tura wa na gaba ƙwallo, ya zura. Alƙali ya busa satar gida.

"Satar gidan wa?" Kawu ya daka tsawa. "Akwai mai gidan ne?"

"Malam, doka ta ce sai da mutum biyu tsakaninsa da layi. Ka ga ko ɗaya?"

"To ka nemo mini su!"

"Ni alƙali ne, ba mai gayya ba."

Hukuncin satar gida shi ne a ba abokan hamayya bugu, su kuwa ba su nan. Aka kira ni a matsayin mai dokoki. Bayan nazari na yanke cewa a jira su minti biyar, sannan alƙali ya saki ƙwallo. Sau uku ana yin haka. Daga bisani kyaftin ya saɓa wa tarbiyyarsa, ya ja ƙwallo shi kaɗai tun daga tsakiya har cikin raga. Aka mayar da ita tsakiya domin waɗanda aka ci su taka, ta zauna a nan har aka tashi. Kawu ya rungumi kyaftin, sa'an nan ya ja kunnensa saboda son kai.

Wasan da ya biyo baya da mutane aka yi shi, kuma yaran Kawu suka ci da guminsu, biyu da ɗaya. Wannan ne kaɗai wasan da na ga Kawu ya yi shiru daga farko har ƙarshe. Saura mataki ɗaya. A lokacin zafi ya kai matuƙa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, kuma duk ranar wasa dattijon mai gona yakan zo ya zauna a gindin wata bishiyar bedi, ba ya kallon ƙwallo, sama yake kallo.

Ranar Alhamis aka buga wasan kusa da na ƙarshe na farko, wata makarantar Kankia ta haye. Na Kawu an sa shi Asabar, da makarantar nan ta wajen Kunduru, abokiyar ƙawancensa. Ranar Juma'a da hantsi saƙo ya iso cewa ta fice daga gasar gaba ɗaya, ta shiga wani sabon rukuni a ƙaramar hukuma maƙwabciya inda aka yi mata alkawarin riguna. Na buɗe shafin ƙawance domin in ga abin da ta karya, na tarar da rana da wuri kawai.

Bayan an sauko daga masallaci Kawu ya same ni a zauren gidanmu. Bai zauna ba.

"Sakatare, ka rubuta mana nasara. Gobe Asabar a yi wasan ƙarshe. Na yi magana da mutanen Kankia, sun yarda. Shugaba ya ce in kai ka sa hannu, shi ba ruwansa."

"Kawu, doka ta tara."

"Wa ya rubuta ta?"

"Ni."

"To wa za ka ji wa kunya?"

Na yi masa bayani cikin ladabi cewa dokar da mai ita ya fara karyawa domin kawunsa ta daina zama doka, kuma makarantu huɗu sun riga sun sha rana a kanta. Na ƙara da cewa kwana biyar ne kacal tsakanin Asabar da Alhamis. Ya dube ni, ya leƙa waje ya dubi sama.

"Uwarka ta ce kai ne mai hankalin gidan nan," ya ce. "Allah ya ƙara." Ya fita.

Ranar Asabar yaransa suka sake buga wasa da babu kowa. Wannan karon sun ƙware, kyaftin ya zaɓi take wasa, suka ci a minti na farko, suka zauna a inuwar junansu. Na rubuta nasarar da kyakkyawan rubutu. Kawu ya kai wasan ƙarshe.

Ranar Laraba bayan azahar aka yi ruwa. Ba yayyafi ba ne da za a yi gardama a kansa, ruwa ne wanda ya cika kwatami ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Ina tsaye a ƙofar zaure da littafin rajista a hammata, mutane suna ta hamdala, ni kaɗai ne a unguwar nake tunanin filin Kaikai.

Duk da haka muka tafi ranar Alhamis, domin babu wanda ya soke wasan. Muka tarar da dattijon ya riga ya ci rabin fili da sungumi, yana sara yana takawa, matan gidansa da jikoki suna bin sa da ƙoƙon iri. Layin tokar tsakiya yana nan, ramuka sun ratsa shi. Daga cikin 'yan wasan Kawu bakwai ne suka zo, na Kankia shida, sauran duk iyayensu sun tafi da su gona. Shugaba ya zo da kofi a cikin buhu.

Kawu ya cire takalmi ya taka har inda dattijon yake, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, awa biyu kawai."

"Malam, ai da kai munka yi magana tun kaka. Hilinku na rani ne."

"Shekara talatin nake jiran yau, Baba."

"Ni ko wata bakwai nike jiran jiya. In ƙasa ta sha iska, wa za shi ba ni wani ruwan? Ku dawo in an yi girbi, ku yi ta bugu har ku gaji."

"Kafin girbi na bar aiki."

Dattijon ya jingina da sungumi ya dube shi da tausayi na gaske. "To Allah shi sa ka huta lahiya," ya ce, ya ci gaba da sara.

Na zaci Kawu zai yi faɗa, ko da dattijon ko da ni. Ya daɗe a durƙushe. Sa'an nan ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannunsa, irin yadda kowane ɗan manomi ke yi, na ga fuskarsa ta yarda da dattijon tun kafin bakinsa. Ya miƙe ya cire usur daga wuyansa ya busa, ya jera yaran goma sha uku a bakin layi, nasa da na Kankia a gauraye, ya karɓi ƙoƙo daga hannun wata tsohuwa.

"Kowa ya bi layinsa," ya ce. "Wanda ya zuba fiye da ƙima, benci."

Kafin magariba sun gama gonar. Alƙali ya tambaye ni abin da za a rubuta. Na rubuta: an ɗage.

Da kaka ta zo na koma Kaikai na ga wake ya nannaɗe sandunan raga har sama. A lokacin rukunin Kusada ya narke cikin na Kankia, na Kankia ya rabe gida uku, makarantar da za mu kara da ita ta koma wata gasa, 'yan aji shida sun gama sun watse, Kawu yana gida yana kiwon tumaki. Na ɗauki littafin na same shi yana ba su dusa. Na ce masa na yi nazari, tunda abokan karawarsa sun fice, ina da ikon rubuta masa nasara, kofin ma yana nan a buhunsa, kuma ina neman gafararsa a kan Asabar ɗin nan.

Ya karɓi littafin, ya buɗe shafin dokoki da yatsa mai dusa, ya nuna mini ta tara.

"Karanta."

Na karanta.

"Jimla ce mai kyau," ya ce. "Kada ka ɓata ta. Ka bar shafina a buɗe."

Shafin yana buɗe har yau, da tabon dusa a gefensa. Duk wanda ya zo gaishe shi, Kawu yakan gaya masa cewa ƙungiyarsa tana wasan ƙarshe, ana jiran sakatare ya sa rana.