Akwai Haske?

Har yau idan warin ƙonanniyar leda ya bugi hancina, gabana sai ya faɗi.

A unguwarmu ta New Bell, kakana ne mai haɗa wa masuntan kogin Wouri ledar da suke ɗaurawa a kwale-kwale, iska ta tura su. Vuwal suke ce mata. Sai ya jera bakin leda biyu, ya ɗora takardar buhun siminti, ya bi da dutsen guga na gawayi a hankali har su manne. Idonsa ya fara hazo, don haka duk layin da ya gama, ni nake ɗagawa wajen rana in duba ko akwai ɓula.

"Amarya, akwai haske?"

In na ce akwai, ya sake bi.

Ranar nan an yi kwana huɗu ana ruwa, rana ta leƙo, ƙawayena suna tsallen igiya a lungu suna ƙwala min kira. Na ɗaga ledar. Wallahi na ga hasken, siriri, tsawon yatsana. Amma sake bi yana nufin sake hura gawayi. Na ce, "Babu, Kaka."

Bayan kwana biyu mai kwale-kwalen da ya karɓi ledar ya zo ƙofar gida, hannunsa duk ya saluɓe da tuƙi, kifinsa ya lalace. Iska ta kama vuwal ɗin a tsakiyar ruwa ta tsaga shi gida biyu. A gaban mutanen da suka fito daga sallar la'asar ya jefar da ledar, ya ce, "Papa, c'est fini, ta ƙare, idonka ya mutu!"

Kaka ya ɗauki ledar. Ya shafa tsagar da yatsa, ya juyo wajena.

"Amarya, kin gani? Hannun ma ya fara cin amanata."

Ina tsaye kamar an dasa ni. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ko sau ɗaya bai tambaye ni ba. Daga wannan ranar masunta suka ɗauke ƙafa, dutsen gugar ya koma abin tokare ƙofa.

Yanzu yawanci inji ne ke tura kwale-kwale, ba mai neman sana'ar. Ni ce dai ban huta ba. Shekara shida ina riƙe da sandarsa zuwa masallaci, ina tsallakar da shi kwata, duk wanda muka haɗu da shi sai ya nuna ni ya ce, "Ga idona nan." Har aka kai shi makwancinsa ban faɗa masa ba.