Mangwaron Malam Isyaku na Cikin Gwangwani

Yayana Malam Isyaku ya shekara talatin yana koyar da aikin gona a wata firamare a unguwar Sheshe da ke cikin birni, makarantar da ko wajen shanya ba ta da shi. A allo yake zana wa yara garma, a gwangwanin madara suke shuka.

Taubashinmu Yero kuwa, wanda Yaya ya koya wa riƙon fartanya, yana koyarwa a wata makaranta a bayan ganuwa, fili har ido ya gaji. Duk kaka sai ya aiko mana da masara, wai ta ɗalibansa ce. Yaya ba ya ci, sai ya ce ba ta nuna ba. Ta nuna sarai, ƙyashi ne kawai ke cin sa, kuma na faɗa masa.

Shekara bakwai da suka wuce aka sa wata gona a kasuwa, jikin makarantar su Yero. Yaya ya bi 'yan kwamitin makarantarsu gida-gida har suka yarda a roƙi hukumar ilimi ta saya musu. A ganinsa kakanninmu ma a birni suke kwana, gonakinsu na waje, wa ya taɓa hana su? Tun kafin amsa ta zo ya shuka ƙwallon mangwaro arba'in a gwangwanaye, kowanne da sunan ɗalibin da zai kula da shi.

Sakataren ilimi ya kira shi. "Malam, gonar nan ba a ƙaramar hukumarmu take ba. Ba mu da ikon mallakar fili a ƙasar wasu."

"Ranka ya daɗe, minti ashirin ne fa a Adaidaita."

"Ko taku ɗaya ne, Malam."

Hukumar su Yero ce ta saye gonar.

Saiwa ta fara fasa gwangwanaye, ganye ya yi rawaya. Yaya ya yi sati ba ya kula kowa, wallahi har ya ba ni tausayi. Ran nan ya yi hayar kura, ya loda su, ya kai wa Yero da kansa. Sharaɗinsa ɗaya, kada a cire sunayen.

Bana ya yi ritaya. Duk Asabar yana zuwa gonar ya tsaya bakin wayar shinge, ya dawo yana mita wai Yero bai iya ban ruwa ba. Jiya Yero ya aiko da 'ya'yan fari na mangwaron guda shida. Yaya ya jujjuya ɗaya, ya sansana, ya ce bai nuna ba. Da na leƙa zaure bayan an jima, sai na tarar da shi yana tsotsar ƙwallon, ga sabon gwangwani a gefensa har ya cika shi da ƙasa.