Ki Ɗanɗana Ko Gishiri Ya Ji

A gidanmu na Lazare, sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ake samun tatsuniya. Muddin tele na kunne ba mai waiwayar Kaka Zali. Mu da yaran maƙwabta muna jibge a tabarma, muna kallon mutanen da ba mu san ƙasarsu ba, masu kuka da kwalliya a fuska. Da wuta ta tafi sai mu yi tsaki, mu ja jiki zuwa murhunta a bakin ɗaki, inda take soya gujiya a yashi bayan sallar isha. Ni take fara tsokana, don ni ne maigidanta a wasan kaka da jika. Wai na tafi yawon Turai na bar ta ba cefane, ga shi duhu ya koro ni gida.

Mutuniyar garin Tawa ce, harshenta bai taɓa zama na birni ba. In za ta fara sai ta ce ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya matsa baya kar ya faɗa wuta.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani attajiri a shekarar yunwa. Ya buɗe rumbunansa ga duk gari, amma ya ajiye makaɗi a ƙofa. Duk wanda aka auna wa hatsi, makaɗi zai buga ganga ya kira sunansa da na ubansa, kowa ya ji. Mutane suka yi ta zuwa da kai a sunkuye, don yunwa ba ta da wasa. Sai wani masaƙi ya ƙi zuwa. Kullum matarsa takan ɗora tukunyar ruwa zalla a wuta, don maƙwabta su ga hayaƙi su ce ana girki.

Tsohuwar uwar attajirin ce ta lura. Hayaƙi na tashi a gidan masaƙi, amma ta daɗe ba ta ji ƙarar turmi ba. Ta cika ƙwarya da gero, ta rufe da faifai, ta je ta ce wa matar hannuwanta sun gaji, don Allah ta daka mata. Ba ta koma karɓa ba. Da aka kawo mata garin ta ce ai ya yi laushi da yawa, su tuƙa wa yara, ga wani geron a sake gwadawa. Haka ta yi ta ƙorafin daka har damina ta faɗi.

Na tuna na yi mata gardama. Na ce ai attajirin ya fi, shi gari guda ya ciyar, ita gida ɗaya tak. Kaka ta juya gujiyarta ta ce, "Ya ciyar, Allah shi saka mishi. Amma ba kyauta ya yi ba, maigida. Sun biya shi da sunayensu." Daga nan ta ce tatsuniya ta shige toka, kowa ya nemi shimfiɗarsa.

A lokacin ban haɗa labarin da aiken da take yi mini ba. Akwai wata Bazabarma a bayan gidanmu, Tanti Hawa, mijinta direba ne, ya tafi Kwatano aka daina jin ɗuriyarsa. Sau da yawa Kaka kan miƙo mini kwano a rufe ta ce, "Tahi ka ce ma Hawa ta ɗanɗana, ta hwaɗa mini ko gishiri ya ji." Ni kuwa har haushi nake ji. Tsohuwa ta shekara da shekaru tana miya, a ce har yau ba ta san gishiri ba? Kuma ɗanɗano ne sai an cika kwano har baki?

Yau Kaka ta daɗe a ƙasa, ni kuma da kamara nake cin abinci. Wata ƙungiya nake yi wa aiki, muna raba shinkafa, ina ɗaukar hoton masu karɓa ana tura wa masu bayarwa a ƙasashen waje. Ba na zagin aikina. In ba su ga fuska ba, ba sa yarda, in ba su yarda ba buhu ba ya zuwa. Amma akwai ranakun da nakan ji kamarar nan ta yi mini nauyi a wuya kamar gangar makaɗin.

Bayan wata ambaliya muka je rabo wajen Bobiyel, inda aka tsugunar da mutane. A cikin layi na hango wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Patoron namu, shugaban aikin, ya ce ita zan ɗauka, irin fuskar nan ce take taɓa zuciyar masu bayarwa, in ce ta buɗe. Da na matso sai na gane ta. Tanti Hawa ce. Na san da na danna, gobe fuskarta tana cikin wayoyin duniya, har wayoyin 'yan Lazare da suka san ta da rufin asirinta.

Na durƙusa na gaishe ta. Na kwance bakin buhu na ce, "Tanti, ki duba mana shinkafar nan, ko an cuce mu da tsakuwa." Ta zura hannu ta damtsa tana murzawa, ni kuma na ɗauki hannun da shinkafar, ban ɗaga kamara sama ba. Patoron ya yi mini faɗa a mota har muka iso ofis, shi ma kuwa yana da gaskiyarsa. Har yau ban san yadda za a ciyar da gari guda ba tare da ganga ba.

Abin da ban gaya masa ba shi ne maganar da ta yi mini kafin in tashi. Ta ƙura mini ido ta saman mayafi, ta tambaye ni ko ni ne jikan Zali. Na ce ni ne. Ta yi ɗan murmushi, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ka san gishirin kakarka bai taɓa kasawa ba, ko sau ɗaya."