Bugu Casa'in da Shida na Kaka Haladu

Duk wanda ya san Kaka Haladu a Fassi ya san ba ya barin bakin zaure sai ya sunkuya ya tsinki ciyawa, ya watsa sama, ya tsaya yana kallon inda iska za ta kai ta. Masallaci za shi, sai ya watsa. Kasuwar Kibiya za shi, sai ya watsa. Ranar da za a kai ni ɗakin miji a Yalwa ma, mota na jira, ina kuka, gwaggonnina na guɗa, shi kuwa yana bakin ƙofa yana watsa ciyawarsa. Ya leƙa ya ce wa direba, "Iskar daga gabas take, ka ɗan riƙe hagu."

Direba ya ce, "Baba, ai mota ce, ba jirgin sama ba."

Ya ce, "To, kai ka sani. Na dai faɗa maka."

Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya. Amma tun da aka yi arba'in ɗin rasuwarsa kowa sai faɗin kirkinsa yake, babu mai faɗin taurin kansa. To ni Bilki jikarsa zan faɗa, don ni na fi kowa ɗanɗanarsa.

Ga yaran da ba su sani ba, shekara ashirin da ɗoriya Kaka ya yi a Kano yana ɗaukar wa manyan mutane jakar sanduna a filin golf, wato ƙwallon lambu. Wasan nan ne da ake dukan 'yar farar ƙwallo ana bin ta har ta faɗa rami, wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ya ci. Abin da ya dawo gida da shi ke nan: sanduna biyu da wani Alhaji ya yar, da ƙwallo uku. Sandar dukan nesa sunanta Mai Kora, ta tura ƙwallo cikin rami kuma Mai Lallashi. Ƙwallo biyu sun shiga duniya tun ban zo ba. Ta ukun ta zauna a aljihunsa har ta yi jawur kamar haƙorin mai cin goro, Hajiya yake ce mata. Kawu ya taɓa cewa zai sayo masa sababbi, ya ce, "Me Hajiya ta yi maka?"

Da an kwashe dawa sai ya haƙa rami tara a gonarsa ta bayan gari, ya binne gwangwanin tumatir a kowanne, ya kafa kara da tsumman atamfar Iya Tabawa matarsa. Tun ina 'yar shekara bakwai nake biye da shi da fensir da bayan kwalin sukari ina rubuta masa bugu. Lambobin da na iya, a gonar nan na iya su.

Dokokinsa biyu ne, kun san su. Ƙwallo daga inda ta kwanta ake buga ta. Kuma ba a ɗauke ta sai ta faɗa rami.

Bara ina wankan jego a gida, Nana tana da kwana tara a duniya, Iya ta daka min yajin jego ta baza a tabarma ya sha rana. Sai ga Hajiya ta tsallako danga, ƙwal, a tsakiyar yajin. Can sai ga mai ita ya shigo da sallama da Mai Kora a kafaɗa.

Iya ta ce, "Malam, sa hannu ka ɗauke abarka."

"Ba a ɗauka."

"Yajin jikarka ne fa! Tun safe nake daka!"

"Tabawa, matsa daga gabas."

Ni dai na rarumi Nana na lulluɓe ta da zane biyu na danna ƙofa. Sai na ji fau! Wayyo jama'a! Iya na atishawa, awaki na atishawa, maƙota ta bayan danga suna salati suna atishawa. Shi kansa hawaye shaɓe-shaɓe, amma tsakanin atishawa da atishawa sai na ji yana ƙwala min kira, "Amarya! Rubuta huɗu!"

Na ce daga cikin ɗaki, "Takardar saki za ka rubuta min, tsoho, na gama auren nan!"

Ya ce, "Sai an gama rami tara."

Sai kuma maganar bijimin Ardo Buba, wanda shanunsa ke cin kara a gonar da rani suna bar masa taki. Hajiya ta gangara ta shige ƙarƙashin wani ƙaton bijimi yana kwance yana tuƙa. Kaka ya zagaya shi ta nan, ya zagaya ta can, ya fara gyara tsayuwa.

Ardo ya ce, "Malam Haladu, me za ka yi?"

"Doka ta ce daga inda take ake buga ta."

Ardo ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya ce, "Ka taɓa min sa da ƙarfen nan, ni ma daga inda kake zan buga ka."

Ardo ya ce bari ya tayar masa da bijimin, Kaka ya ce a'a, haka ya same shi, ba a gyara wa ƙwallo wuri. Ya shimfiɗa rawaninsa ya zauna. Daga hantsi har aka kira azahar, shi da bijimi suna kallon juna. Da bijimin ya ga dama ya miƙe, sai da ya bar wa Hajiya tsaraba mai ɗumi a kai. Kuma wallahi daga nan ya buga ta. Iya ta ce rigar ba za ta shiga bahonta ba.

To duk wannan wasa ne. Ranar da na tsufa ina 'yar shekara ashirin da biyu ita ce ranar gasarsa da Malam Sabo na Rurum Tsohon Gari, wanda suka yi ɗaukar jaka tare a Kano. A wani ɗaurin aure Malam Sabo ya ce a gaban mutane, "Haladu ɗaukar jaka ya iya, ba bugu ba." Shi ke nan aka sa rana: rami tara a gonar Kaka, wanda aka ci ya ba da zakara.

Bazara ce, rana kamar ta dafa ƙwai. Ga shi likita a asibitin Rano ya ce jininsa ya hau, kada ya yarda ya tsaya a rana. Babu wanda bai roƙe shi ba. Da abin ya gagara, mahaifiyata ta damƙa min ƙullin maganinsa da gorar ruwa ta ce, "Ke kaɗai yake saurara. Da kin ga ya fara layi, ki dawo min da ubana." Na goya Nana, tana wata biyar, na zura hijabi, na ɗauki kwali da fensir. Amana a hannu, goyo a baya.

Mutane kuwa! Har daga Kibiya aka zo a kan babura. Shekara talatin ana jin Haladu Mai Rami yana cika baki, yau za a gani da ido.

Aka gani kuwa. Rami na farko bugu tara. Na biyu sau uku yana dukan ƙasa, Hajiya na zaune tana kallonsa. A na uku Mai Kora ta kuɓuce masa ta yi sama, sai da mai sayar da rake ya kwanta. Dariya kamar gonar za ta tsage, samari sun ɗaga waya suna ɗauka. Malam Sabo kuwa biyar, shida, biyar, yana tafe yana gyara hula.

Ni ba dariya nake ba. Jijiyar wuyansa nake kallo tana harbawa, leɓensa ya yi fari. Ina taɓa kan Nana ina jin kamar ya yi zafi, in taɓa nawa in ji duk ɗaya ne, in sake taɓa nata. A rami na biyar ya yi sha uku. Tausayi ya kama ni na rubuta takwas.

Ya karɓi kwalin ya kai shi kusa da hancinsa. "Amarya, idona ne ya mutu ko fensirinki ne ya yi ƙarya?"

"Kaka, wa zai sani?"

"Hajiya ta sani. Goge."

Na goge da yawu.

A rami na shida ya sunkuya zai tsinki ciyawa sai ya yi taga-taga, Mai Lallashi ce ta tare shi. Na ce innalillahi! Dariya ta ɗauke ɗif. Malam Sabo, Allah ya saka masa, ya matso ya rage murya ya ce, "Haladu, rana ta yi yawa. Mu ce bayana ne ke ciwo, mu tashi babu wanda ya ci wani."

Na ce, "Don girman Allah, Kaka, ka karɓa. Ga ƙofa an buɗe maka."

Ya dube ni, ya dubi Malam Sabo, sai ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Sabo, ni za ka kawo wa ciwon bayan rami na shida? Alhazai nawa muka ɗaukar wa jaka, da wasa ya juya musu baya sai su dafe ƙugu su yaga katin lissafin bugu su nufi mota? Me muke ce musu in sun ba da baya?"

Malam Sabo ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Ba ya faɗuwa a gaban jikarka."

"To ka gani. Kuma in na tsaya a nan, kai wa ka ci? Iska? Daga Rurum ka taso a kan babur da tsufanka. Ka ci ni, sai ka tsaya ka ci ni har ƙarshe."

Ni fa ban ji daɗin wa'azin nan ba, don ba ni da abin da zan faɗa wa uwata in ya faɗi. Sai na kwance Nana na zauna daɓas a tsakiyar rana, a kan hanyar ƙwallo. Na ce, "To, dokarka ce. Daga inda muke za ka buga. Ni da 'yar nan ba ma tashi sai ka shiga inuwa ka sha magani."

"Ke Bilki, rana za ta taɓa min yarinya!"

"Au, ashe ka san akwai rana?"

Ranar ce kaɗai na ga an ci Kaka Haladu da dokarsa. Ya bi ni gindin ɗorawa kamar ɗan akuya, ya haɗiye ƙwaya, ya shanye rabin gora, na jiƙa rawaninsa na ɗora masa. Ardo Buba ya miƙo malfarsa, wani ya kawo lema. Muka yi yarjejeniya: kowane rami sai ya zauna na ga leɓensa ya dawo daidai. Ya ce, "A Kano ba a haka." Na ce, "Nan Fassi ne."

Rami uku da suka rage, sai da la'asar ta kusa. Kada wani ya ce muku wasansa ya gyaru, bai gyaru ba ko kaɗan, ni ce mai fensir. Amma samarin nan sun mayar da wayoyinsu aljihu. Malam Sabo da ya gama nasa, sai ya karɓi lemar ya riƙe masa. A rami na tara Hajiya ta zo bakin gwangwani ta leƙa ta wuce, ta dawo ta leƙa ta wuce. Gona ta yi tsit, har kukan kurciya ana ji. Ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Haba Hajiya, a gaban baƙi?" Ya taɓa ta da Mai Lallashi. Ƙwaras!

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan danga, gona ta ɗauka kamar shi ya ci. Shi kuwa bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Amarya, haɗa."

Na haɗa da yatsu, na sake haɗawa. "Malam Sabo hamsin da ɗaya. Kai casa'in da shida."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Na ɗaga. Ya karɓi fensir ya sa hannu da ajami a ƙasan kwalin, ya miƙa wa Malam Sabo hannu, sannan ya aika aka kamo zakara. Kun san wane zakara? Tsohon nan mai ido ɗaya da ya girmi aurena. Bayan kwana uku Malam Sabo ya aiko cewa itace ɗauri biyu aka ƙona a kansa, kuma ya bar haƙori guda a cinyarsa. Kaka ya ce a gaya masa ba a ɗauke kwano sai an ga ƙarshensa.

Na kai shi gida da ƙafarsa. Mahaifiyata ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wa ya ci?" Ya ce, "Bilki."

Daminar nan ya tafi, a kan tabarmarsa, bayan ya idar da sallar walaha, Hajiya na aljihunsa. Kwalin sukarin yana cikin akwatina a Yalwa, da gurbin da na goge da yawu. Watan jiya aka yi mana jarrabawa a ajin matan aure da na shiga, ni na zo ta ƙarshe, har wata ta yi min dariya. Na dawo gida na ce na bar zuwa, ga raino, ga girki, ga bayana ma yana ciwo. Da na ji abin da ya fito daga bakina sai na tuna rami na shida. Ranar Asabar na goya Nana na koma. A bakin ƙofa na duba hagu da dama babu kowa, na tsinki ciyawa na watsa.

Allah ya jiƙan Kaka Haladu, ya yafe masa yajin Iya da sauran kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa fiye da gindin ɗorawar nan. Mu kuma da muke tsakiyar gona, Allah ya ba mu ikon ƙarasawa da kyau. Amin.