Ƙofar Arewa da Na Kulle

A shekarun da Kano ta sha fama da tashin bama-bamai, ni ne sakataren kwamitin masallacin Juma'ar unguwarmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Tsoro ya shiga kowa, don haka muka zauna muka yanke shawarar da muke ganin ta masu hankali ce: a kulle ƙofar arewa, kowa ya bi ta babbar ƙofa, 'yan agaji su lalube shi kafin ya shiga. Ni na sayo kwaɗon, ni na rataya shi, har muka jingina makara da tsofaffin dardumai a bayan ƙofar.

Mutum ɗaya ne ya ƙi yarda, wani dattijo da muke kira Baba Onarabul. Ya daɗe a majalisar tarayya, ya yi zama a kwamitin tsaro, sannan ya dawo gidansa na Tarauni ba motar kirki. Sahun gaba yake salla, kusa da liman. Yana da dogon bayani, gaskiya, in ya kama hannunka sai abincinka ya huce.

Wata ranar Asabar ya tare ni a bakin masallaci.

"Malam Sakatare, kun tsara yadda za a shiga. Wa ya tsara yadda za a fita?"

"Baba, ai sai mugu ya shiga ake neman hanyar fita. Mu mun hana shi shiga."

"Haka muka yi a Abuja," in ji shi. "Kullum a sayo mota, a sayo bindiga, a kafa shinge. Ba wanda ya koya wa talaka ina zai sa ƙafa in ya ji ƙara. Ku kulle ƙofar arewan lokacin shiga, ban hana ba. In an tada salla a cire kwaɗon, mutum ɗaya ya tsaya a wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Na ce za a duba. Da ya ba da baya na ce wa abokaina, wanda ya yi shekara da shekaru a majalisa bai gyara ƙasa ba, yau ƙofar masallaci ce ta rage masa. Suka yi dariya, na ji daɗin dariyar. Sau uku yana tuna mini, sau uku ina cewa za a duba.

Ranar da abin ya faru ba bam ba ne. Tayar wata babbar mota ce ta fashe a titi, muna raka'a ta biyu. Sahu ya watse. Waɗanda ke gaba suka ruga ƙofar arewa, don ita ce kusa da su, suka tarar da ita a kulle, suka juyo suka yi karo da na baya. Da hayaniya ta lafa muka sami Baba a ƙasa, hularsa a gefe, ƙashin ƙugunsa ya karye.

Bayan an sallamo shi daga asibiti na je gaishe shi a gidan ɗansa a Hotoro. Na shirya a zage ni, ina ma so a zage ni. Sai ya tambaya:

"Mutum nawa suka ji ciwo?"

"Akwai masu targaɗe, Baba. Naka ne mai tsanani."

"To, alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Ba yara a ciki ko?"

Na ce babu. Ya sa aka kawo mini kunun aya, ya shiga tambayar lafiyar iyalina. Kunya ta hana ni buɗe baki in ce ya yafe mini. Na ce a raina bari ya ji sauƙi, ya dawo sahunsa, sai in same shi mu biyu in faɗa.

Bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Shekara biyu ya yi yana salla a kwance, Hotoro kuwa ba nisa, adaidaita sahu ɗaya ce daga ƙofar gidana. Ban koma ba sai ranar jana'izarsa.