Gidan Kwanon Ƙanwata

Ni Kofur ya fara nema da aure, ba ƙanwata ba. Lokacin da ya dawo daga yaƙin Bama ni bazawara ce a gidanmu na Tambuwal, aurena na fari ya mutu ba haihuwa. Shi ɗan unguwarmu ne, tun muna yara na san shi. Ya dawo kunnensa ɗaya ba ya ji, ga wata tsayuwa ƙyam da yake yi idan babba na magana, har yara na kwaikwayonsa. Da baffansa ya zo da maganar, Inna ta kira ni ɗaki ta tambaye ni. Na ce ba na so. Ba shi da gona sai wani ɗan fegi, ba shi da ko akuya, kuma hira da shi sai an ɗaga murya. A lokacin kuwa wani manomi daga Kebbe yana nemana, mai rumbu uku da shanu a hannun Fulani. Shi na aura.

Bayan shekara biyu sai na ji Kofur ya koma kan ƙanwata, kuma ita da bakinta ta ce ta yarda. Da na zo biki har na tsokane ta, na ce ta tanadi maƙogwaro.

Shekarun da suka biyo baya ni ce a sama. Kofur ya samu aikin gadi a wani ofis, suna zaune a ɗakin aro cikin gidan baffansa, su da 'ya'ya huɗu. Ni kuwa duk kaka sai na sa an ɗora wa jaki damin gero biyu, da ƙwaryar man shanu, da kuka da kuɓewa busassa, a kai mata. Ina son ƙanwata, wannan gaskiya ne. Amma ina kuma son in ji an dawo an ce mini ta yi ta godiya har da hawaye.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, wata maƙwabciyata mai sayar da daddawa ta dawo daga kasuwar Dogon Daji ta shigo ko mayafi ba ta cire ba.

"Kin ji abin da anka yi ma mijin ƙanwarki?"

Na zaci mutuwa ce. Sai ta ce a'a, arziki ne. Wai hukuma ta tuna da mazan jiya, an yanka musu filaye a bakin hanyar mota, an ba su kwano da siminti da katako a kan kuɗi kaɗan, har da takardar mallaka. Ta ce ta gani da idonta daga cikin mota, rufin yana walƙiya sai ka kare ido.

Na ce Allah ya sa albarka. Na koma kan turmina, na yi ta sussukar geron da ya riga ya sussuku.

Tsakiyar damina aka aiko mu zo walimar tarewa. Na sa zanena mafi tsada. Da na shiga gidan, abin da ya fara taɓa ni sanyin siminti ne a tafin ƙafata. Ɗaki biyu da zaure, taga mai murfin katako, ƙofa mai sakata. Na ɗaga kai ina neman azara ko ciyawa, babu, sai kwano fes. Ƙanwata ta kama hannuna tana zagayawa da ni, tana cewa, "Yaya, dubi nan, Yaya, taɓa nan." Ba gori take yi ba, murna ce kawai. Da gori ne ma da ya fi mini sauƙi.

Mata sun cika ɗaki ana cin tuwo, wata gwaggonmu ta ce lallai ƙanwata ta yi goshi. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Ai da na so, da ni ce a cikinsa."

Ƙanwata ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta dube ni.

"Gaskiya ne, Yaya. Ke anka fara nema."

Ta ɗauki ludayin, ta ci gaba da zuba wa mutane miya.

Wajen la'asar hadari ya taso, ruwa ya sauko da ƙarfi. Ban taɓa jin ruwa a kan kwano ba sai ran nan. Ƙara ce kamar ana zazzaga tsakuwa, ba mai jin maganar wani. Ta taga na hango Kofur ya fito daga zaure da sauri, ya bar baƙinsa, ya nufi wata 'yar rumfar zana a ƙarshen gida. Ya tsuguna, ya toshe kunnensa mai ji da tafin hannu. Ƙanwata ta ɗauki bargo ta bi shi cikin ruwan, ta lulluɓe shi, ta tsuguna kusa da shi har aka ɗauke. Gwaggo ta raɗa mini cewa ƙarar ce ke tuna masa da can fagen yaƙi. Na ji tausayinsa, wallahi na ji. Amma idona ya fi daɗewa a kan ruwan da ke gangarowa daga kwano yana cika randa, fari tas, ba jan ƙasa, ba ɓarɓashin ciyawa.

Da na koma Kebbe komai ya ƙi yi mini daɗi. Ɗakina da na zauna shekara da shekaru sai na ga ya yi duhu, daɓen ya yi ƙura, jinka na zubar da gara. Kakar nan ban aika da gero ba. Maigida ya lura, ya tambaya, na ce masu gidan kwano ba su bukata. Daga nan kuma kullum maganata ɗaya.

Ran da ya gaji ya ce, "Ni ban tai yaƙi ba, noma nika yi. Ko in tai in nemo wani yaƙin don ki samu kwano?"

Na ce ni dai na gaji da yoyo. Ɗakin kuwa ba ya yoyo, shi ma ya sani.

Mutum ne mai haƙuri. Bayan girbi ya sa aka kawo bijimi ɗaya daga ruga ya sayar, aka ɗauko kwano a kan raƙumi daga Tambuwal. Kafinta ya auna ya ce ɗaki ɗaya kawai zai rufe. Aka rufe nawa. Shi ne na farko a unguwarmu, mata suka yi ta zuwa kallo. Da bazara ta shigo ɗakin ya zama tanda, da rana a gindin bishiyar bedi nake wuni, amma ban taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Siminti kuwa bai samu ba, kuma ban sake samun bakin roƙo ba, don na ga yadda maigida ya tsaya yana kallon bijimin nan lokacin da ake jan sa.

Ƙanwata ta zo ganin ɗaki, ta kawo mini labule da ta ɗinka da hannunta. Ta yaba sosai. Ni kuwa ina ta kallon ƙafarta a kan daɓena.

Kofur ya rasu bayan 'yan shekaru. Wasu dangi sun so su taɓa gidan, aka fito da takarda, suka janye. Ta zauna da 'ya'yanta ba wanda ya tashe ta.

Daga baya ƙafata ta kumbura, aka ce sai an yi ta yi mini allura a asibitin Tambuwal. Wata uku na yi kwance a gidanta. Ita ke dafa mini ruwan gashi, ita ke riƙe ni zuwa bayan gida. Ba ta taɓa tayar da maganar ranar walima ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba, ko da yake sau da yawa maganar takan zo mini har baki.

Wata rana da hantsi muna tsinkar zogale na ce ta nuna mini takardar gidan. Ta shiga ta ɗauko ta a naɗe cikin ƙyalle. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ban san ko harafi ɗaya ba. Na riƙe ta na daɗe, ina shafa hatimin da yatsa. Sannan na miƙa mata, na ce bangon gabas ya fara tsagewa, ya kamata a yi masa yaɓe kafin ruwa.

Ta ce, "To, Yaya, za a yi."